Cibiyar Nayibe

Guamalito,
Talata, 14 ga Oktoba.

Zuwa ga 'yata Yurleidy,

Gaisuwa mai yawa daga uwarki, tare da roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Antofagasta. Allah ya ƙara miki haƙuri da ita, ya tsare ki a ƙasar mutane, ya sauƙaƙa miki ciwon bayan nan da kika ce yana taso miki duk lokacin da kika ɗaga ta. Kullum in na kunna kyandir a gaban hoton waliyyi San Antonio, sunanki nake fara ambata. Mu nan lafiya lau, sai gajiya, ita kuwa ta riga ta zama 'yar gida. Ruwan sama bai ɗaga mana ƙafa ba tun farkon wata, kogi ya hau har matakala ta uku, kaji duk sun koma kan itace. Ƙaramarki Luz Dary ta rabu da tarin nan, ta koma kan ayabarta da kifi, ba ta barin ko ƙaya. Kawunki Aristarco yana nan, kunnen ya ƙara toshewa, bakin kuwa sai abin da ya yi gaba. Kwalin da kika aiko ya iso. Takalman yara sun yi musu daidai, man zafin kuma gwiwoyina sun shanye shi cikin mako biyu.

Za ki yi mamakin ganin takarda, tunda duk Lahadi muna ganin juna ta waya a shagon Don Evelio. To ai kin san yadda wayar nan take. Rabin gari yana tsaye a bayana ana leƙen fuskarki, magana tana yankewa, ke kuma da kin ji abin da bai yi miki daɗi ba sai hawaye, ni kuma da na ga hawayenki sai in haɗiye sauran zancen. Wannan maganar ta ƙi haɗiyuwa. Malama Enith ta makarantar yara ce ta yago mini takardu, ta ce in na gama za ta ɗauki hotonsu ta tura miki. Ki samu wuri ki zauna, kuma don Allah ki kai ƙarshe kafin ki kira kowa. Na karya alƙawarin da na yi miki. Babbarki Nayibe tana shiga kogi yau mako shida ke nan, kuma ni na kai ta da hannuna.

Ba mantawa na yi ba. Ina tune da ranar da za ki tafi, da kika ja ni har kabarin ƙanenki Éider, kika sa na dafa gicciyen na rantse cewa 'ya'yanki ba za su taka ruwan da ya wuce idon sawu ba. Kika ce ranar da kika ji sun shiga, ranar za ki sa a kwashe su a kai su Medellín wurin goggonsu, ƙanwar ubansu, mai zama a bene hawa na bakwai. Na rantse, na kuma riƙe rantsuwar shekara uku cur, a garin da ƙofar kowane gida take kallon ruwa. Wanka sai da ruwan tanki, ni ke hawa da bokiti ina sauka. Kullum safe in ɗaure Nayibe cikin rigar nan mai hana nutsewa da kika aiko, in cusa ta a jirgin injin Don Evelio tsakanin kawunan ayaba don ya ƙetarar da ita makaranta, sa'anninta kuwa suna wuce ta a tsaye cikin 'yan kwalekwalensu suna waƙa. Na zama ɗan sanda a cikin gidana. Muryata ta dushe wajen kiran Nayibe dawo, Nayibe matso nan, har akun maƙwabta ya koya yana taya ni.

Abin da ni da ke muka manta da shi, cibiyarta ce. Kin tuna da cibiyar ta faɗi, ubanta, tun kafin ya ɓace mana, ya kawo farcen karen ruwa, Mama Chencha ungozoma ta kankare shi ta barbaɗa garin a wurin, don yarinya ta tashi gwanar ruwa. Haka aka yi miki da tururuwa don ki yi ƙwazo, ga shi kuwa har yau kina can kina jan kayan da ya fi ki nauyi. Duk Guamalito an san abin da ke cibiyar Nayibe. Tsofaffi in sun gan ta sai su ce ga wadda ruwa ba zai ci ba. Yara kuwa, da bakinsu kamar reza, suka laƙa mata suna karen ruwan tudu. Wai ko kaza ta fi ta sanin kogi, wai in ruwan sama ya taɓa ta kakarta shanya ta take yi a igiya. Sai ta dawo gida fuska a kumbure, ni kuma in ce ta ƙyale su, 'yan iska ne. Ban taɓa zaunar da ita na ce mata garin nan fa ba ya iyo ba. Ban ma ɗauka abu ne da sai an faɗa ba. Ashe yarinya ta gama nata tunanin ita kaɗai, cewa tsoro ne kawai ya sa uwarta ta hana, amma iyawa kam tana nan ajiye a cibiya.

Wata Asabar a ƙarshen Agusta, da hantsi, na aike ta sayen gishiri. Ni ina can ƙasa da inda jirage ke tsayawa, ruwa iya gwiwa, ina gyaran kifi. Yara suna ta tsalle daga reshen itacen nan da ya sunkuyo kan ruwa. Daga baya ne aka ba ni labarin yadda aka yi. Wai 'yar gidan Rosmira ce ta ce mata ta matsa can, kada a fantsama mata ruwa ta narke tare da gishirin kakarta. Nayibe ta ajiye gishirin a kan saiwa, ta cire takalmanta ta jera su, ta hau reshen, ta ɗaga riga ta nuna musu cibiya, ta faɗa tsundum. Har tafi suka yi mata, suka tsaya suna jira ta taso. Ni abin da na gani kawai jajayen duwatsun kitsonta ne suna wucewa ta gabana, su nutse su taso, da hannu ɗaya a sama. Yurleidy, shekarata sittin da huɗu, rabon da in wuce ƙugu a kogin nan tun ranar Éider. Ban san lokacin da na afka ba, da wuƙar a hannuna ma, sai a tsakiyar ruwa na sake ta. Kitson na cafka. Ta shaƙe mini wuya muka nutse tare har sau biyu, ta sha na sha, sai da na doke hannunta na juya ta ta baya. Kawunki bai ji ihun ba, gudun mutane ya gani, ya turo kwalekwale ya miƙo mini filafili.

A kan yashi ta yi ta aman ruwa. Da na tabbatar tana numfashi sai tsoron ya rikiɗe ya zama fushi, na wawuri silifan wani a ƙasa na ɗaga. Sai ta ɗago ido ta ce mini, can ƙasa-ƙasa, wai Kaka cibiyar ba ta yi aiki ba, ko ta lalace ne don an daɗe ba a jiƙa ta ba. Hannuna ya mutu a sama. Zama na yi dirshan a gaban jama'a ina kuka irin wanda ban yi ba ko a ranar da kika tafi. Da yamma na ɗauki masifata na kai wa Mama Chencha har gida, na ce ta ga abin da garinta ya jawo. Ta bar ni na gama tas tana taunar tabarta, sannan ta ce ita gari ta barbaɗa, ba ta ce ta barbaɗa hannu da ƙafa ba. Ta ce in je bakin rafi in zauna in kalli karen ruwan kansa, uwar ce ke cafko ɗan ta wuya ta ja shi cikin ruwa yana tsuwa, yau da gobe, har ya iya. Ta ce jarirai sun fi ɗari biyu da ta yanke wa cibiya a garin nan, ba ta taɓa ganin gidan da aka sa wa yaro karen ruwa sannan aka killace shi a tudu kamar alade ba sai namu. Na ce mata tsohuwar kawai. Ta ce in na koma in gaida mata tsohuwar da ke gidanmu.

Kwana uku ina juya maganar. Na yi tunanin in ƙara matsa tsaro, in daina aikenta ko nan da can. Amma tun ranar nan ƙirjina bai koma daidai ba, in na hau matakala sai na tsaya a tsakiya na huta. Wata rana ina gona, wata rana ina kwance, wata rana kuma ina can kusa da Éider. Jirgin Don Evelio ma ai ya taɓa kifewa, kin sani. Kogin nan kuma in ya ga dama har ƙarƙashin gado yake biyo mutum, bai san da wata rantsuwa ba. Na ga duk tsaron da na yi shekara uku bai hana ta komai ba, sai dai ya sa ta faɗa ruwa ba ta san ko yadda ake rufe baki ba. A rana ta huɗu na kama hannunta muka nufi bakin ƙaramin rafin nan mai yashi, inda ruwa yake iya ƙirjinta.

Kada ki ɗauka da murna ta bi ni. Wadda ta yi tsalle daga reshe ta koma ko yatsa ba ta yarda ta tsoma. Ta ƙanƙame ni tana roƙo, shaidar farcenta har yanzu tana damtsena. Da guntun itacen balso, wanda ba ya nutsewa, muka fara, ta rungume shi tana dukan ruwa da ƙafa. Sai hura kumfa, sai kwanciya rigingine hannuna a ƙarƙashin bayanta, kullum in zare yatsa ɗaya. A rana ta tara na zare hannun duka, ba ta sani ba, tana ta ba ni labarin wani gajimare mai kama da hancin kawunki. Na koya mata abin da uwata ta koya mini. In ruwa ya yi ja yana ɗauko kumfa da karare, an yi ruwa a sama, ta fita ko da rana tana ƙwallewa. In ruwa ya ja ta kada ta yi kokawa da shi, ta bi shi a karkace har gaɓa. Ta riƙa jan ƙafa a yashi saboda kifin nan mai ƙaya a wutsiya. In ta ga wani yana nutsewa ta miƙa masa sanda, kada ta yi irin haukan kakarta. Kawunki ya sassaƙa mata filafili daidai haɓarta, ya liƙe tsohon ƙaramin kwalekwalen nan naki, ya riƙa kife shi da ita a ciki da gangan yana ƙyalƙyala dariya, sai ta juyo shi ta kwashe ruwan ta hau da kanta. Tana ƙunƙuni tana ce masa mugun tsoho, shi kuwa ya ce ta ɗaga murya, yabo ba ya isa kunnensa. Ya ce jikar nan ta fi uwarta taurin kai, amma uwarta ta fi ta hannun tuƙi. Ni dai kullum fitowa nake ina rawar sanyi, gwiwoyi kamar an zuba musu tsakuwa. Na gaji, 'yata. Gajiyar ta wuce wadda kwanciya take sauke wa mutum.

Amma ba gajiyar ce ta sa ni rubutu ba. Duk Lahadin nan shida kina tambayarta ko ta je kogi, tana cewa a'a, ni ina tsaye a bayanta ina gyaɗa kai. Tun Asabar nake busar mata da gashi don kada ki lura. To kin san tana shirin karɓar Jibin Ubangiji na farko, ana koya musu furta zunubi. Ranar Juma'a muna tsince shinkafa ta tambaye ni, ƙaryar da take yi wa Mama, in ta je gaban Fada a coci za ta faɗe ta a matsayin zunubinta ne ko nawa. Na ce nawa ne. Ta ce to ni yaushe zan faɗa. Na rasa inda zan sa fuskata. Na ceto yarinya daga ruwa na koma ina koya mata yi wa uwarta ƙarya, wannan kuwa ba tarbiyyar gidanmu ba ce.

Na san sunan da ke bakinki yanzu, don haka bari in riga ki. Shekara ashirin kina ɗauke da Éider a ka. Kina ganin laifinki ne, don na bar miki shi na tafi gona, kika juya baya kina wanki. Ban taɓa cewa laifinki ne ba, amma ban taɓa cewa ba naki ba ne, kuma na san shirun nan ya fi zagi ciwo. Ga gaskiyar da ban taɓa furtawa ba. Éider yana da shekara bakwai bai iya iyo ba, shi kaɗai a duk sa'anninsa, kuma ni na hana. Saboda ƙirjin nan nasa mai fito, ina tsoron sanyi ya kama shi. Ke tun kina shekara huɗu na tura ki ruwa, shi kuwa na naɗe shi a zane na ajiye a tudu. Ruwan da ya ci shi bai kai tsayin kawunki ba, taku biyar ne tsakaninsa da gaɓa. Kowace yarinya mai wanki tana juya baya, Yurleidy, ni ma ina juyawa. Tsorona ne ya kashe ɗana, ba bayanki ba. Na bar yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta ɗauki kayan don ni ba zan iya ɗauka ba. Ranar da kika sa na dafa gicciyensa, na san sarai rantsuwa nake in maimaita abin da ya kai shi wurin, amma kunya ta rufe mini baki. Ki yafe mini, in za ki iya. In ba za ki iya yanzu ba, zan jira.

Jiya Litinin Nayibe ta ƙetare zuwa makaranta ita kaɗai. Rigar hana nutsewar tana jikinta, ban haukace ba tukuna, sai dai ta matse ta ƙwarai, ki aiko da babba. Kawunki yana can baya nesa, wai shi duba raga yake yi, ragar da ya kwashe tun shekaranjiya. Na tsaya a gaɓa da Luz Dary a hannu, bakina ya buɗe zai ce Nayibe dawo, na danne shi da tafin hannu. Ta nufi sama kaɗan kamar yadda aka koya mata, ruwa ya ɗan ja ta a tsakiya, ta gyara tsayuwa ta ci gaba. Ta sauka ƙasa kaɗan da matsayar makaranta, ta ɗaure kwalekwalen, ta ɗaga mini filafili sau ɗaya, ta ruga cikin yara ko waiwaye babu. 'Yar gidan Rosmira ce ma ta riƙe mata jaka. Na koma gida na zauna, na sha kofina tun yana da zafi, abin da rabona da shi tun tafiyarki.

Yanzu magana tana hannunki, 'ya'yanki ne. In kin ce Medellín, ba zan tare hanya ba. Zan yi musu kitso, in haɗa kayansu, in raka su har garin Quibdó, abin da zai same ni bayan nan kuma nawa ne. Sai dai ki sani can ma ba a bene za su tabbata ba, wata rana za su sauko titi cikin motoci, kuma sai wani ya koya musu tsallakawa ya kuma saki hannunsu. In kuwa suna nan, ranar Asabar zan fara da Luz Dary. Ba izini nake nema ba, ina faɗa miki ne don kada ki ji a bakin wani. Ranar Lahadi ina shagon Don Evelio tun da wuri. Na ce masa ya kori 'yan leƙe, in faɗa za ki yi mini ki yi son ranki, na cancanta.

Ki gaida mini tsohuwarki da fatan sauƙi, da ƙawarki Marlenis da kuke ɗaki ɗaya, ki ce na gode da kula da ke da take yi. In kin yi waya da yayanki Wílinton ki ce masa uwarsa ba ta mutu ba tukuna. Kawunki Aristarco yana gaishe ki, ya ce filafilinki yana nan a rataye inda kika bar shi, gara ma ta ƙi cin sa. Mama Chencha tana gaishe ki, Malama Enith ma haka. Luz Dary ta dangwala miki yatsa da man kifi a ƙasan takardar nan, shi ne tabon da za ki gani. Nayibe kuwa ta ce in rubuta miki cewa ba ta sake yi miki ƙarya, kuma ranar da kika dawo kada ki hau jirgin Don Evelio, ita za ta ƙetaro da ke. Ta ce in kina tsoro ki zauna a tsakiya ki rufe ido, ta iya. Ban gaya mata ba cewa kafin ki cika shekara goma sha biyu babu yaron da ke riga ki kaiwa waccan gaɓar. Na bar miki, ki zo ki nuna mata da kanki.

Ubangiji ya tsare ki, ya dawo mini da ke ina da sauran numfashi.

Uwarki,
Dioselina Rentería